Nazarin tsaron teku: jami'a ko cibiyar bincike?

Ɗalibai sun ishe ni da tambaya: mai son nazarin tsaron Mashigin Tekun Gini, jami'a zai nufa ko cibiya irin NIIA, wato cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Najeriya da ke Legas?

A jami'a akwai lokaci. Kana iya shekara uku kana bin diddigin yarjejeniyar Yawunde ta 2013 kan fashin teku, amma ga koyarwa, ga tulin takardun jarrabawa, ga yajin aiki. A cibiya kuwa, yau an sace matuƙan jirgi, gobe ana son shafi biyu a teburin minista. Muryarka na isa da wuri, sai dai wasu cibiyoyin da tallafin waje suke numfashi. Ya yanke, aiki ya tsaya.

Mai haƙurin tono, jami'a ta fi masa. Mai son a ji shi yau, cibiya.