Okid a 'yar ƙaramar tukunya: a bar ta ko a sauya mata?

'Yar'uwa, kin ce okid ɗinki, wato shukar furen nan ta ado, irin Phalaenopsis ce, tana cikin 'yar tukunya mai faɗin santimita 6, saiwoyi sun cika ta har sun leƙo waje, kina tambaya ko ki bar ta ko ki mai da ta babbar tukunya.

Barinta ba laifi ba ne muddin gansakuka ko ɓawon itacen da aka dasa ta a ciki bai lalace ba. Asalinta dazuzzukan Kudu maso Gabashin Asiya ne, irin na Filifin da Indonesiya, inda take maƙale a jikin bishiya, saiwarta a fili tana shan iska da ruwan sama. Don haka matsi bai cika damunta ba, kuma saiwar da ta leƙo waje lafiyarta ƙalau, kada ki yanke. Wahalar dai ƙaramar tukunya na saurin bushewa, sai kin riƙa dubawa. Saiwa in ta sha ruwa kore take yi, in ta koma fari-fari ruwan azurfa to ƙishi take ji.

Sauyawa kuwa takan zama dole, amma ba don cunkoso ba. Masu rainonta kan danƙara gansakuka a cikin waɗannan ƙananan tukwane, sai sama ta bushe alhali ciki jagab yake. Gansakuka ko ɓawon itace, cikin shekara 1 zuwa 2 yakan fara ruɓewa ya toshe iska. In kin ji wari, ko kin ga saiwa ta yi baƙi ta yi laushi, ko ganye na yamushewa duk da ban ruwa, kada ki jira.

Babbar tukunyar nan ita na fi ji miki tsoro. Tsakiyarta kan daɗe a jiƙe, saiwa ta rasa iska ta ruɓe tun ganye bai nuna komai ba. Ki nemi wadda ta ɗara ta yanzu da santimita 2 ko 3 kacal, mai huda da yawa, ta roba wadda ake ganin cikinta.

Ni a ganina, in tana da fure kuma saiwa da ƙwari, ki haƙura har furen ya zube, sabbin saiwoyi su fara tsirowa. Ranar aikin ki jiƙa ta minti 10 don saiwa ta yi taushi. In ta manne, tsaga tukunyar ya fi fizge ta. Ki tsince tsohuwar gansakuka tas, ki datse matattun saiwoyi da almakashi mai tsabta, ki cike da ƙananan gutsattsarin ɓawon itace, ban da ƙasa. Kada ki binne inda ganyen suka haɗu, kuma kada ruwa ya kwana a wurin. Sabon ɓawo ba ya riƙe ruwa sosai, saboda haka makonnin farko ki fi yawan duba ta.