Ƙaramin oben lantarki da biskit ɗin nankhatai: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Oben ɗin da na gwada irin ƙaramin nan ne na ɗorawa kan tebur, mai lita 20, da sandunan wuta a sama da ƙasa, da maɓallin zafi da na lokaci. Indiyawa suna kiran irinsa OTG, kuma gidaje da yawa can da shi suke gashi. Nankhatai, wani biskit ɗin Indiya, na zaɓa don gwajin saboda biskit ne da ba ya rufa wa murhu asiri. Babu ƙwai a cikinsa, babu ruwa. Ko dai ya fito da tsaga a samansa yana narkewa a baki, ko ya baje ya ƙone.

Ga awon da ya ba ni guda 16: fulawa giram 125, besan giram 50, samolina babban cokali 2, niƙaƙƙen sukari giram 90, man shanu soyayye giram 115, garin kadamon da bakin fauda rabin ƙaramin cokali kowanne, da ɗan gishiri. Besan garin waken nan ne da Indiyawa ke kira chana, shi ke ba biskit ɗin launin rawaya da ƙamshinsa. Abin da suke kira ghee kuwa man shanunmu ne da aka soya aka tace, don haka ba sai an nemi na gwangwani ba, in dai na gida ya soyu sosai babu sauran ruwa a ciki.

A wurin man ne aka fi samun matsala, sai a ɗora wa oben laifi. Dole man ya kasance ya ɗan daskare, cokali na iya ɗibarsa, ba narkakke ba. Idan ana zafi a sa shi a firiji minti 15 tukuna. A buga shi da sukarin minti 4 har ya yi fari ya yi sauƙi, domin iskar da ta shiga a nan ita ke sa biskit ya tashi ya tsage. Narkakken mai ba ya riƙe iska. Sai a tankaɗe garin a kai, a tattara da yatsu. Kada a murza kamar ƙullin burodi, zafin hannu zai narkar da man ya riƙa tsatsowa. Idan ƙullin yana wargajewa, ƙaramin cokali ɗaya na madara ya isa. A huta da shi minti 20 a firiji, a mulmula giram 25 kowane, a ɗan danna tsakiya.

To, batun oben. Yana ɗaukar zafi da wuri, minti 10 ya wadatar. Amma lambobin maɓallinsa ba abin dogaro ba ne: na sa shi a digiri 170, ma'aunin zafi da na ajiye ciki ya nuna kusan 190. Saukar da shi zuwa 150 ne ya ba ni abin da nake so, gashin minti 16 zuwa 18. Bayansa ya fi gabansa zafi, dole a juya tiren a minti na 10. Baƙin tiren da ya zo da shi kuma yana ƙona gindin biskit tun samansa bai yi ba, sai da na canza da farin tire na alminiyam, na shimfiɗa takardar gashi, na ajiye a hawa na tsakiya.

Wanda bai saba ba zai ga nankhatai ya fito da laushi ya ce bai gasu ba. Ya gasu. A bar shi kan tiren minti 15, yana hucewa yana ƙarfi. A kwalba mai murfi yana kai mako biyu.

Na kuma gwada ƙullin a tukunya, kamar yadda ake gasa kek kan yashi: gishiri kofi 2 a ƙasa, ɗan ƙarfe a kai, sannan faranti, wuta kaɗan minti 20. Ɗanɗano ɗaya ne, sai dai samansa yakan fito fari fat. Masu sayar da nankhatai a kan kura a tsohuwar Delhi suna magance haka da ɗora garwashi a kan murfi. Mai amfani da tukunyar matsi ya cire robar murfin da usur ɗin kafin ya fara, wannan ba abin wasa ba ne. A wajen launi oben ya fi, domin wutar sama tana ba da launin zinariya.

Babban aibinsa ƙanƙanta. Guda 9 kawai tiren ke ɗauka idan an bar tazarar yatsu biyu, sauran ƙullin kuma sai ya jira a firiji. Don shayin gida ya isa. Mai yin na sayarwa ko na biki ta nemi mai lita 40 zuwa sama, ta haɗa da ma'aunin zafi tun ranar saye.