Kafin ka sayi eriya mai harba sigina gefe guda

Mai shago zai nuna maka lambar dBi, wato ma'aunin yadda eriya ke tattara sigina gefe guda, a jikin kwali, ya ce wannan tana cin kilomita kaza. Ka bar zancen nisa tukuna, ka tambaye shi: in na'urori goma suka so aikawa lokaci guda, wa ke raba musu layi?

A Wi-Fi na yau da kullum, tun ƙa'idar 802.11 ta 1997, na'ura kan kasa kunne, in ta ji shiru ta aika. Da eriya mai watsawa ko'ina abin yana tafiya, tunda maƙwabta na jin juna. Da ka ɗora eriya mai siffar faranti, mai siririn harbi, lissafi ya canza. Gidaje biyu da suka fuskanci hasumiya ɗaya ba sa jin juna, sai su aika tare, saƙonni su yi karo. Eriyoyi masu juya harbinsu kuma suna da tasu cutar: na'ura ta ba ka baya tana hira da wata, kai kana ta sallama ba amsa, jiranka yana ninkuwa kowane karo. RTS/CTS, wato na'ura ta nemi izini kafin ta aika, na rage karon, amma yana cin gudu.

Saboda haka in gidaje da yawa za su rataya a hasumiya ɗaya, ni TDMA zan saya, inda hasumiyar ke yanka wa kowa lokacinsa. Kowane kamfani da nasa tsarin: Ubiquiti na da airMAX, MikroTik na da Nv2, Cambium na da ePMP, wanda ke daidaita agogo da GPS don eriyoyin hasumiya ɗaya kada su kurmantar da juna. Sai dai airMAX ba ya jin yaren Nv2, kuma wayar hannu ba ta shiga ko ɗaya. Kamfanin da ka fara da shi, da shi za ka ci gaba.

Gini biyu kawai? Faranti biyu na 5 GHz, irin LiteBeam ko LHG, sun wadatar, muddin suna hangen juna ba bishiya a tsakani.

Na'urorin 60 GHz suna da gudu ƙwarai, amma iskar oksijin kaɗai tana shanye kusan 15 dB (ma'aunin ƙarfin sigina) a kowace kilomita, ga ruwan Agusta. Na tsallaka titi ne ko harabar makaranta.

In kuwa na'urorin yawo za su riƙa yi suna miƙa wa juna saƙo, ka haƙura da faranti, ka ɗauki mai watsawa ko'ina da 802.11s, ƙa'idar Wi-Fi ta irin wannan miƙa saƙo. Nemi na'ura mai rediyo biyu, wato sassa biyu na aikawa da karɓar sigina, domin mai rediyo ɗaya kan rasa kusan rabin gudunsa a kowane zango.