Tabarau mai kawo makaɗin fiyano cikin ɗaki: ido ya ƙoshi, kunne sai an taimaka masa

Abin da muke kira fiyano a Maradi, wanda ake kaɗawa a situdiyo da wuraren biki, na lantarki ne, yawanci mai maɓalli 61. Fiyanon asali wani abu ne daban. Akwatin katako ne mai maɓalli 88, farare 52 da baƙaƙe 36, a cikinsa akwai tsirkiyar ƙarfe sama da 200, kowane maɓalli kuma yana tura ɗan guduma mai kan ulu ya bugi tsirkiya. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera na farko a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700. Babban na dandali tsawonsa ya kai mita 2.7. Ba abu ba ne da ake cin karo da shi a garin nan, shi ya sa tabarau mai haɗa zahiri da hoto ya cancanci a gwada shi a kan wannan kiɗa.

Aikin na'urar a taƙaice: kamarori a gabanta suna ɗaukar ɗakin da kake ciki, su nuna maka shi a allo biyu da ke gaban idanunka, sannan ta ɗora hoton fiyano da makaɗinsa a tsakiyar ɗakin. Kana ganin tabarmarka da ƙofarka, ga kuma mutum zaune yana kiɗa. Daga cikin irinta akwai Meta Quest 3 da ta fito a Oktoba 2023 a kan dalar Amurka 499, wajen jika 300 ke nan kafin kuɗin kawowa da na duwan, akwai kuma Apple Vision Pro da ta fito a Fabrairu 2024 a kan dalar Amurka 3,499. Wadda na yi wannan gwaji da ita ta rukunin masu sauƙin kuɗi ce, mai aiki ita kaɗai ba tare da kwamfuta ba.

Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, ya san cewa abu uku ne ake tallatawa da suna ɗaya. Na farko bidiyo ne mai zurfi na digiri 180: an kafa kamara kusa da makaɗi, kai kuma an dasa ka a wurin. Kana iya juya kai, amma in ka matsa gaba hoton ya biyo ka, daga nan jiri ke farawa. Wannan ba ya haɗuwa da ɗakinka ko kaɗan, kuma shi ya fi yawa. Na biyu shi ne wanda aka ɗauki makaɗin da kamarori da yawa ta kowace kusurwa, aka gina surarsa yadda za ka iya zagaya shi. Misalin da ya yi suna shi ne Kagami, wato madubi da Japananci, na makaɗin Japan Ryuichi Sakamoto, wanda aka nuna a New York da Manchester a 2023, bayan rasuwarsa a watan Maris na shekarar. Ƴan kallo sun sa tabarau na Magic Leap 2 suna zagaya shi yana kiɗa. Wannan a zauren kallo aka yi shi, ba abin saukewa a gida ba ne, kuma irinsa da ake samu a kantin manhajoji ƙalilan ne, gajeru. Na uku manhaja ce da ke karanta fayil ɗin MIDI, wato fayil mai ɗauke da jerin maɓallan da za a danna da lokacinsu, ta motsa maɓallai bisa tsarin kiɗan, har ta iya ɗora alamomi a kan fiyanon lantarkinka na gaske.

Inda na'urar ta ciri tuta shi ne hannu da ƙafa. A zauren kiɗa, mai kujera mafi tsada ma daga nesa yake hango yatsu. A nan kana tsayawa bayan kafaɗar makaɗi, ka ga yadda babban yatsa ke kutsawa ƙarƙashin sauran in zai haura sama, ka ga hagu na tsallake dama, ka ga wuyan hannu ya saki kafin sauti mai taushi. Ka durƙusa ka kalli feda ta dama, wadda ke ɗage abin da ke danne tsirkiya don sauti ya ci gaba da amo: ƙafar ba tare da yatsa take sauka ba, sai yatsa ya buga sannan ta bi baya da ɗan jinkiri, don kada sabon sauti ya cakuɗe da tsohon. Bidiyon salula ba ya koyar da wannan, domin kamara fuska take bi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi yana kallon yatsunsa ya san bambancin ji daga nesa da gani a kusa. Sai dai in ka matso ƙasa da rabin mita, asiri ya tonu: yatsu kan manne da juna, fuska ta koma kamar ta roba, domin kamarorin da suka ɗauka ba su ga tsakanin yatsu ba.

Kunne kuwa an bar shi a baya. Maɓallin ƙarshe na hagu yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, na ƙarshen dama sama da 4,000. Ƴan sifikun da ke jikin maɗaurin kai ba su da girman da za su fitar da na ƙasan, sai hannun hagu ya zama ƙwas-ƙwas babu nauyi, alhali shi ne ginshiƙin kiɗan. Ga kuma wata: sunan kayan na asali, pianoforte, ma'anarsa a hankali da ƙarfi, kuma rabin daɗinsa yana wuraren da sauti ke yin ƙasa kamar raɗa. Sifikun a buɗe suke, don haka kukan babur a titi, injin markaɗe na maƙwabta da fankar ɗaki duk suna haɗiye waɗannan wurare. Magani shi ne abin kunne mai rufe kunne gaba ɗaya, kuma mai waya. Na Bluetooth yakan makara har kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ka ga yatsa ya sauka sannan sauti ya iso, kuma ido ba ya yafe wannan a kiɗan fiyano. A duba tun kafin saye ko na'urar tana da ramin 3.5mm, don wasu ba su da shi, sai an haɗa ta USB-C.

Shirya ɗaki shi ne inda aka fi yin kuskure. Mita 2 sau 2 da ake cewa ya isa, bai isa babban fiyano ba, wutsiyarsa za ta shige bango. A nemi kamar mita 3 sau 4, a fitar da kujeru. A daidaita tsayin ƙasa ta hanyar ajiye abin riƙewa, wato rimot ɗin na'urar, a kan daɓe, in ba haka ba ƙafafun fiyano su nutse ko su yi lilo a iska. Kamarorin suna gane wuri ne da alamomi, saboda haka ɗaki mai farin bango fes da tayil mai sheƙi yana ruɗa su, fiyanon ya dinga zamewa. Tabarma mai zane a ƙasa da labule mai ado a bango sun gyara wannan. Haske ma sai ya wadata: da ƙwai ɗaya mai rauni hoton ɗakin yana yin yashi-yashi. In hoton yana ƙifta, a shiga saiti a sa mitar haske a 50Hz, wanda shi ne na kuran ɗinmu. In kuran ya ɗauke da dare, na'urar ta rasa inda take nan take, don haka fitilar caji a kusa tana da amfani. A ƙarshe a juya ɗan gargaren da ke daidaita tazarar madubai da tazarar idanunka. Minti ɗaya ne, rashin yin sa kuma ciwon kai ne bayan minti 20.

Yanayin garinmu yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, na'urar kan yi gargaɗin ɗumi da rana, soson fuska ya jiƙe da gumi, madubai su yi hazo. Da asuba ko bayan isha'i ya fi, da fanka tana hura fuska, da marfin silikon a kan soson. Kada a bar ta a tsakar gida ko kusa da taga: madubanta suna tattara hasken rana su ƙona allon ciki, tabon kuma ba ya fita. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. A hure ta tukuna, sannan a goge da busasshen ƙyallen tabarau; goge madubi da bakin riga ƙura na kai, kamar gurza shi da yashi ne.

Batir wajen awa biyu yake yi, ƙasa da haka in kamarorin suna aiki. Ya isa sonata, wato dogon kiɗan fiyano, biyu ko uku, amma nauyin kusan rabin kilo a goshi ne zai fara gajiyar da kai, musamman da maɗaurin zane. Ga matsalar batir, fawa banki a aljihu da waya doguwa sun isa. Intanet kuwa, kada a dogara da kallo kai tsaye: bidiyon da ke cin megabit 60 a daƙiƙa, minti goma giga 4.5 ne. In rezo ya yi rauni hoton yana dusashewa, kuma yatsu ne farkon abin da ke ɓacewa. A sauke da dare, a kalla daga baya. Sayen manhaja kuma sai da katin banki mai aiki a waje.

Ga masu kaɗa fiyanon lantarki, nau'i na uku ne ya biya kuɗinsa. Ana haɗa fiyanon da na'urar da wayar USB, a nuna mata maɓallin farko da na ƙarshe, sai alamomi su dinga gangarowa kan maɓallan gaske. A yi wannan nuni da natsuwa: faɗin farin maɓalli kusan milimita 23 ne, kuskuren santimita ɗaya ya kusa rabin maɓalli, kuma can ƙarshen jerin maɓallai alamar za ta faɗa kan maƙwabcinsa. In teburin ya motsa, a sake. Mai maɓalli 61 zai tarar da kiɗe-kiɗe da yawa sun fita daga iyakarsa hagu da dama, kuma maɓallan da ba su da nauyi ba za su koya wa yatsa bambancin taushi da ƙarfi ba. Manhajar tana gaya maka wane maɓalli da kuma yaushe, ba ta jin ko ka danna da kyau.

Wanda sauraro kawai yake so, ya sa kashi ɗaya cikin goma na kuɗin a abin kunne mai kyau, zai fi jin fiyano. Situdiyo ko ƙungiyar makaɗa da za su haɗa kuɗi su sayi ɗaya suna karɓa-karɓa, su ne za su ci ribarta, muddin sun sayi marfin fuska biyu ko uku, sun kuma tanadi jaka mai zif da za ta kwana a ciki.