Barin sigari: a yanke lokaci guda ko a riƙa ragewa?

Mutanenmu da yawa nan Sakkwato sun fi yarda da ragewa, wai yau kara goma, sati mai zuwa biyar, har a kai ga babu. Daɗin ji gare shi, amma fa mai tebur na bakin layi kara ɗai-ɗai yake saidawa, ka zauna majalisa an kawo shayi wani ya kunna tashi, shi ke nan lissafi ya watse.

Yankewa gaba ɗaya kam akwai wuya, kwana 2 zuwa 3 na farko su ne bala'in, ciwon kai, saurin fushi, barci ya ƙi zuwa, don ƙwaƙwalwa ta saba nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa jaraba, na iso mata cikin daƙiƙu kaɗan. Amma wani bincike da anka yi a jami'ar Oxford ta Ingila a 2016 kan mutum 697, bayan wata ɗaya kashi 49 cikin ɗari na waɗanda sunka yanke ba su koma ba, masu ragewa kuma kashi 39. Duka ɓangarorin an ba su filasta ta nikotin da ake mannawa ga fata hwa, ba haƙuri kaɗai ba.

Ni dai ina bayan yankewa, wanda ke iya riƙewa daga asuba har magariba cikin azumin zafin garin nan ai ya san hanya.