Masu Golf a Kaduna, ku yi hattara da mai tallar top silinda "Beljiyam" a Facebook

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu kwance injin motarsu da kansu a gida. Abin da ya same ni ba na so ya sami kowa.

Golf 3 gare ni, mai inji 1.8. Famfon baƙin mai ya gaza a hanyar Mando, kafin in samu wurin tsayawa kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul ɗin inji, ya cije. A wannan injin kamshaf kai tsaye yake juyawa a kan alminiyon ɗin top silinda, wato kan injin, baƙin mai kaɗai ke raba su. Da mai ya yanke, alminiyon ya yi zafi ya manne a jikin ƙarfen, shi ke nan.

Ni da ƙanena muka buɗe shi a ƙofar gida a Rigasa. Murafai biyar ne ke danne kamshaf ɗin, kowanne da lambarsa. Muka cire na 1 da na 3 da na 5, sannan muka riƙa sassauta na 2 da na 4 kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, saboda sifirin ɗin bawul na tunkuɗo shi sama, in ka yi gaggawa zai iya karyewa. Duk da haka ya ƙi tashi. Sai da muka ɗora katako muna ƙwanƙwasawa a hankali ya saki, ga alminiyon ya naɗe a wuyansa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Silindar ta tashi aiki.

A nan na faɗa hannun mutumin. Ya saka hoton top silinda fes, da kamshaf a ciki, ya ce Beljiyam ce, ba a taɓa kwance ta ba. Bakinsa kamar zuma, "Alhaji" sama "Alhaji" ƙasa, har da rantsuwa. Na ce zan zo in gani, ya ce kayan suna sito a wajen gari, in tura kuɗi zai ba direba in karɓa a tashar Kawo. Kuɗin ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, ni kuma motar ce abincin iyalina, kwana tara tana ajiye. Na tura.

Kaya sun iso cikin buhu, an wanke su da fetur suna ƙyalli. Na kama kamshaf ɗin, ko motsi. Na ɗauka zuwa Panteka wurin wani dattijon bakanike da na sani tun ina yaro. Bai yi minti biyar ba ya ce, "Ɗana, an cuce ka." Ya nuna mini murafan: biyu masu lamba 3, babu mai lamba 4. Daga injuna daban-daban aka tsinto su. Ya ce murafan nan tare da silindarsu ake huda su a masana'anta, na wata ba ya zama a kan wata, ko ya matse ko ya yi sako-sako. Wuyan kamshaf ɗin kuma an goge shi da samfefa don ɓoye tabon cijewa, ka sa farce ka ji layi-layi. Da ya kankare wani wuri kusa da ramin fulogi, sai ga tsaga an cike ta da gam an shafe da fenti ruwan azurfa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Na kira lambar, a kashe. A WhatsApp ya toshe ni.

Don Allah kada wanda ya biya kuɗin silindar da bai taɓa da hannunsa ba. Ka je da bakanikenka, a duba lambobin murafai daga 1 zuwa 5 a jere, a buɗe su a ga wuyan kamshaf, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar silindar ko ta lanƙwashe. Kuma a gyara famfon mai tukuna, in ba haka ba sabuwar ma za ta cije.

Jiya na sake ganin tallarsa, ya canza sunan shafi amma hoton nan ne dai: silinda a kan shuɗin tamfal, da jan bokiti a gefe. Na kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin. Wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya yi mini magana mu haɗa shaidunmu.