Na'urar gishiri ko marar gishiri: wacce ta dace da ruwan burtsatsenka

Malam, ka ce a Sakkwato kake, ruwan burtsatse kuke amfani da shi, butar lantarki ta yi farin ƙanzo a ciki, hitar banɗaki ta ƙone sau biyu, uwargida kuma tana ƙorafin sabulu ba ya kumfa. Mai shago ya nuna maka na'ura biyu na gyaran ruwa, mai cin gishiri da marar gishiri, ya ce aikinsu ɗaya, ta biyun ma ta fi tunda ba ruwanta da wuta. Kana tambaya wacce za ka sa.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙorafi biyu ka kawo, na hita da na sabulu, kuma marar gishirin guda ɗaya kaɗai take magancewa.

Farin ƙanzon nan kalsiyam ne da maganiziyam da ruwa ya narko daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A yankinku ba abin mamaki ba ne, dutsen farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, irinsa ne ruwan wasu unguwanni yake ratsawa. Muddin ruwan da sanyinsa, sinadaran suna narke, ido ba ya ganinsu. Da ya ji wuta sai su daskare su manne a jikin ƙarfe, ƙarfen hita ya kasa miƙa zafinsa ga ruwa, ya yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Yawan waɗannan sinadarai shi ake kira taurin ruwa, kuma ana auna shi da miligiram a kowace lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 121 zuwa 180 mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa ya yi tauri ƙwarai.

Mai gishiri musaya take yi. A cikin tulunta akwai ƙananan ƙwayoyin roba masu riƙe da sodiyam. Ruwa na wucewa sai su cafke kalsiyam da maganiziyam su saki sodiyam a madadinsu. Ruwan da ya fito ya rabu da taurin ke nan: sabulu zai yi kumfa, kaya ba za su yi ƙarfi bayan wanki ba, buta ba za ta yi ƙanzo ba, jiki ma zai riƙa santsi a wanka, wasu har su ɗauka sabulun ne bai fita ba. Idan ƙwayoyin suka cika sai na'urar ta wanke kanta da ruwan gishiri mai kauri, ta zubar da shi waje.

Marar gishiri kuwa ba ta cire komai. Mai kyau a cikinsu ita ce wadda za ka ga an rubuta TAC a jikinta. Ita ma ƙwayoyi ne a tulu, amma aikinsu su sa kalsiyam ya dunƙule ya zama ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani, su bi ruwa su wuce ba tare da sun manne a bututu ko ƙarfen hita ba. Kalsiyam ɗin yana nan daram a cikin ruwan. Saboda haka hitarka za ta huta, amma uwargida za ta ci gaba da fama da sabulu kusan yadda take yi yanzu, kuma idan ruwa ya bushe a kan tayil ko kan famfo za ka ga farin tabo, sai dai yana fita da tsumma ba sai an kankare ba. Tana aiki kuwa? Tana yi. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka, irin wannan ta rage ƙanzo da kusan kashi 90 cikin 100, yayin da masu naɗa waya a jikin bututu suka tsaya wajen rabi. Su kuma maganaɗisun nan masu arha da ake maƙalawa a bututu, ni ba zan ba su ko naira ɗaya ba. Duk sunansu "marar gishiri" a bakin mai shago, don haka ka tambaye shi me ke cikin tulun.

Ta fannin ɗawainiya, marar gishiri ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau. Ba wuta, ba magudana, ba asarar ruwa, sai dai a canja ƙwayoyin bayan kamar shekara 3. Mai gishiri kuwa dabba ce da ake ciyarwa. Za ka riƙa sayen buhun gishirinta, mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba. Duk lokacin da ta wanke kanta tana cin ruwa lita 100 ko fiye. Yawancinsu suna da agogon lantarki, wanda ɗauke wutar da muka saba da shi yake iya rikita wa lokaci. Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba: ruwan gishirin da take zubarwa, ina za shi? A kwarin Santa Clarita na jihar Kalifoniya, tun 2009 aka hana irin waɗannan na'urori a gidaje, saboda gishirin yana gangarawa kogin da manoma ke ban ruwa da shi. Kai ba ka da dokar, amma kana da sokawe a gida ɗaya da burtsatse, wataƙila da mangwaro ko ɗan lambu a bayan ɗaki. Ruwan da ta tausasa ma ba ya yi wa shuka kyau idan an daɗe ana ba ta. Sannan duk miligiram 100 na taurin da ta cire, tana zuba kusan miligiram 46 na sodiyam a lita. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne, amma idan akwai tsoho mai hawan jini da likita ya hana shi gishiri, a bar famfon kicin a kan ruwan da bai bi ta cikinta ba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, domin nan ne kuɗin mutane ke salwanta. An ƙera marar gishiri ne don gidajen da ruwan gwamnati ke shigowa tsaftatacce kuma da ƙarfi. Gidan burtsatse daban yake ta hanya uku.

Na farko, sinadarin ƙarfe. Idan ruwanka yana barin jan tabo a kwanon banɗaki, ko ka ɗebo shi garau a bokiti ya wayi gari da launin shayi, to akwai ƙarfe a ciki. Masu ƙera na'urar da kansu suna rubuta cewa kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a lita, manganis kuma, wani sinadari mai kama da ƙarfe, 0.05. Ya wuce haka, zai lulluɓe ƙwayoyin su daina aiki, kuma ba wata fitila da za ta kama ta gaya maka. Tulu yana nan tsaye, ruwa na wucewa, kana jin kana da na'ura. Mai gishiri ta fi haƙuri da ɗan ƙarfe kaɗan tunda tana wanke kanta, amma ita ma tana da iyaka.

Na biyu, tanki. Sau da yawa mai aikin famfo yana son sa ta tsakanin burtsatse da tanki saboda a nan ruwa yake da ƙarfi. Kuskure ne. Tsakuwoyin da take yi ba su dawwama, idan ruwa ya kwana biyu a tanki yana shan rana suna iya sake narkewa, aikin ya zama na banza. Bayan tanki ake sa ta, kafin ruwa ya rarrabu zuwa ɗakuna.

Na uku shi ne abin da na biyun ya haifar, wato ƙarfin ruwa. Kowane mita 10 na tsayi yana ba da "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, kuma kusan hakan ne mafi ƙarancin abin da waɗannan tuluna suke so. Tankinmu a kan ƙarfe mai mita 5 ko 6 rabin haka yake bayarwa. Ka ɗora matata da tulu a kan wannan, shawa za ta koma ɗigon azara. Sai ka ƙara ƙaramin injin tura ruwa, kuma ka ga maganar "ba ruwanta da wuta" ta fara raguwa. Mai gishiri ta ma fi buƙatar ƙarfin, don ba ta iya wanke kanta da raunin ruwa.

Jerin ke nan idan za a ɗaura: tanki, injin tura ruwa, matatar yashi da laka, matatar ƙarfe idan gwaji ya nuna akwai shi, sannan tulun a tsaye, a inuwa, da makulli uku don a iya zagaye shi ranar gyara ba tare da an yanke wa gida ruwa ba. A makonnin farko tsohon ƙanzon bututu yakan saki ya toshe kan shawa, a kwance a wanke.

Kafin ka biya ko kwabo, kai ruwan ɗakin gwaji a auna tauri da ƙarfe da manganis. Kada ka yarda da ƙaramar na'urar nan mai kamar biro da ake tsomawa a kofi. Jimillar narkakkun abubuwa take nunawa, kuma lambarta ba za ta sauka ba ko wacce ka sa a cikin biyun. Idan kuma ruwan zartsi gare shi a baki, wato gishiri-gishiri, babu wadda za ta gyara shi, haka ma ƙwayoyin cuta. Ruwan sha maganarsa daban.

Da ni ne kai, idan gwaji ya nuna ba ƙarfe, kuma hita da injin wanki ne ke cin kuɗina, marar gishiri zan sa, in ƙara wa uwargida kuɗin sabulu. Idan taurin ya haura 180 nesa, wanki da fatar yara ne babban kuka, kuma kana da inda za ka zubar da ruwan gishiri nesa da burtsatse, to ka ɗauki mai gishiri ka san ka ɗauki ɗawainiyar wata-wata. Butar kuwa, kafin komai ya iso, zuba mata ruwan lemon tsami ko jiƙon tsamiya, ka tafasa, ka bar ta ta huce, ka ɗauraye.